Haƙƙin Shiga Gaba: Muhawarar Matso da Zaɓen Fidda Gwani a Jihohin Amurka

A Amurka ba rana ɗaya jam'iyyu suke fitar da ɗan takarar shugaban ƙasa ba. Jihohi ne ke yin zaɓen fidda gwani bi da bi, daga Janairu ko Fabrairu har zuwa Yuni, kowace jiha tana raba wa 'yan takara wakilanta bisa sakamakon da aka samu. Waɗannan wakilai su ne ke haɗuwa a babban taron jam'iyya, a Yuli ko Agusta, su tabbatar da wanda zai riƙe tuta. Kundin tsarin mulkin ƙasar bai tsara wannan hanya ba, don ko jam'iyya bai ambata ba. Ranar zaɓe galibi majalisar dokokin jiha ce ke tsayar da ita, tunda jiha ce ke biyan kuɗin gudanarwa, ita kuwa uwar jam'iyya ta ƙasa tana da nata ƙa'idojin game da lokacin da aka yarda a fara. Saboda haka duk bayan shekara huɗu sai a sami wata jiha da 'yan majalisarta suka kawo ƙudurin matso da zaɓensu gaba, wasu su goya baya, wasu su ce hakan zai dagula jadawali. A zahiri gardama ce ta kalanda. Amma a ƙarƙashinta akwai tsohuwar tambaya ta adalci: idan mutanen da haƙƙinsu ɗaya ne za su faɗi ra'ayinsu ɗaya bayan ɗaya, wa ya cancanci ya fara, kuma wa ke da ikon yanke wannan hukunci?

Tsarin da ake gani yau bai daɗe sosai ba. Har zuwa 1968 manyan jam'iyya ne ke da ta cewa, zaɓen fidda gwani kuwa a jihohi kaɗan ake yinsa. A shekarar ne jam'iyyar Dimokurat ta tsayar da Hubert Humphrey a taronta na Chicago alhali bai shiga zaɓen fidda gwani ko ɗaya ba, ana ta arangama tsakanin 'yan sanda da masu zanga-zangar adawa da yaƙin Biyetnam a waje. Kwamitin da jam'iyyar ta kafa bayan nan, wanda ake kira da sunan shugabanninsa McGovern da Fraser, ya tilasta a riƙa zaɓen wakilai a fili, da hannun 'yan jam'iyya na ƙasa-ƙasa. Jihohi da yawa suka ga hanya mafi sauƙi ita ce a kafa akwati, jam'iyyar Rifablikan ma ta bi sahu. Daga lokacin da ƙuri'ar talaka ta zama ita ce ke fitar da gwani, ranar da ake jefa ta ta zama abin rububi.

Jihohi biyu ne suka sami kansu a gaba. New Hampshire tun 1920 ita ke fara zaɓen akwati, kuma ta yi suna a 1968 lokacin da Eugene McCarthy ya sami kusan kashi 42 cikin 100 a karawarsa da shugaba mai ci Lyndon Johnson, wanda kafin ƙarshen Maris ya sanar ba zai sake tsayawa ba. Iowa kuwa tarurrukan unguwa take yi, inda 'yan jam'iyya ke haɗuwa da dare a makarantu da majami'u da ɗakunan taro. Ta shiga gaba a 1972 ba da wata dabara ba: tsarinta yana da matakai daga unguwa zuwa gunduma zuwa jiha, kowane mataki yana buƙatar tazara, sai lissafi ya jefa matakin farko cikin Janairu. Da jihohin biyu suka ɗanɗana amfanin abin, sai suka mayar da shi doka. Dokar New Hampshire, wadda asalinta ta 1975 ce, ta umarci sakataren jiha ya sa zaɓensu aƙalla kwana bakwai kafin duk wani zaɓe irinsa, ta kuma ba shi ikon matsar da ranar shi kaɗai. Bill Gardner, wanda ya riƙe wannan kujera daga 1976 zuwa 2022, ya taɓa barazanar kai zaɓen 2012 cikin Disambar 2011. Duk jihar da ta yi sammako, New Hampshire a hanya ta kwana.

Abin da ake samu a shiga gaba ya fi yawan wakilai. Iowa tana da mutum miliyan uku da 'yan kai, New Hampshire ba ta kai miliyan ɗaya da rabi ba, wakilansu duka biyun ɗan ƙaramin kaso ne na taron jam'iyya. Ƙarfinsu yana wajen tankaɗe. Ɗan takarar da ya yi rawar gani a cikinsu sai kafofin watsa labarai su yi masa caa, masu ba da gudummawar kuɗi su karkata gare shi. Wanda ya sha ƙasa kuwa kuɗi ya ƙafe masa, cikin mako guda ya janye. Kafin zaɓe ya iso jiha ta goma ko ta ashirin, 'yan takara goma sun koma biyu ko uku. Masana tattalin arziki biyu, Brian Knight da Nathan Schiff, sun auna takarar Dimokurat ta 2004, suka ƙiyasta cewa tasirin mai zaɓe a jihohin farko ya kai har ninki biyar na mai zaɓe a jihohin baya. Akwai kuma riba ta manufa. Iowa ƙasar masara ce, shi ya sa shekaru da dama ba kasafai mai neman shugabanci yake iya sukar tallafin man itanol da ake tatsa daga masara ba.

Hujjar masu son matsowa daga nan take tashi, kuma hujja ce mai nauyi. Dimokuraɗiyya ta ginu a kan cewa 'yan ƙasa daidai suke wajen zaɓen mai mulkinsu. Kotun Ƙolin Amurka ta kafa wannan ƙa'ida a 1963, a shari'ar Gray da Sanders, kuma abin lura shi ne a kan zaɓen fidda gwani aka yi shari'ar: jihar Georgia tana ƙidaya sakamako gunduma-gunduma ta yadda ƙuri'ar ɗan ƙauye ke rinjayar ta ɗan birni ninkin-ba-ninki, kotu ta soke tsarin. To idan haramun ne a fifita mutum saboda gundumar da yake zaune, me ya halatta a fifita shi saboda makon da jiharsa ke zaɓe? Masu kare jadawalin za su ce ƙuri'ar kowa ɗaya ake ƙirga ta. Haka ne. Sai dai daidaito a ƙidaya daban, daidaito a tasiri daban, kuma na biyun ne ya sa mutum yake barin aikinsa ya je ya bi layi. Kalifoniya, mai mutum kusan miliyan 39, ta ga iyakar abin a 2016. Zaɓenta ya faɗo 7 ga Yuni. Donald Trump ya riga ya kore abokan takararsa tun farkon Mayu, a daren jajibirin zaɓen kuma kamfanin dillancin labarai na AP ya bayyana cewa Hillary Clinton ta tara wakilan da take buƙata. Jiha mafi yawan jama'a a ƙasar ta fito zaɓe bayan bakin alƙalami ya bushe. A 2017 gwamna Jerry Brown ya sa hannu a dokar mayar da zaɓen watan Maris.

Koken gaskiya ne. Maganin ne ke da matsala, kuma matsalar ta hankali ce kafin ta zama ta siyasa. Gaba wuri ne da ake samunsa kawai idan akwai na baya. Jiha ɗaya idan ta matso ta ci riba. Idan ashirin suka matso tare, babu wadda ta ci, an dai tattara cunkoson an kai shi wata rana. Immanuel Kant ya ba da ma'aunin da ya dace da wannan hali: mutum ya duba ƙa'idar da yake aiki da ita, ya tambayi kansa ko zai yarda kowa ya yi aiki da irinta. Ƙa'idar "in riga sauran" tana rushe kanta da zarar kowa ya ɗauke ta. Akwai bambanci tsakanin neman abin da kowa zai iya samu a lokaci guda, kamar haƙƙin jefa ƙuri'a, da neman abin da samunsa ke nufin wani ya rasa. Jihar da ta matso tana magana da harshen na farko, amma na biyun take nema. Rashin daidaiton da take kuka da shi bai gushe ba, ta dai canza wa kanta matsayi a cikinsa, ta bar shi a kan waɗanda suka rage a baya.

Tarihi ya gwada wannan lissafi fiye da sau ɗaya. A 1988 jihohin Kudu suka haɗa zaɓensu ranar 8 ga Maris, abin da aka sa wa suna Babbar Talata, da nufin fito da ɗan Dimokurat mai matsakaicin ra'ayi wanda Kudu za ta karɓa. Al Gore da Jesse Jackson suka raba yawancin jihohin, Michael Dukakis, gwamnan Massachusetts, ya ɗauke Texas da Florida, shi ne kuma ya zama ɗan takara. Kalifoniya ta bar Yuni ta koma ƙarshen Maris a 1996, ta tarar wasu sun riga ta, yawancin abokan hamayyar Bob Dole a jam'iyyar Rifablikan sun janye. Ta ƙara matsowa farkon Maris a 2000, sannan 5 ga Fabrairu a 2008. A wannan rana, Babbar Talatar shekarar, jihohi fiye da ashirin ne suka yi zaɓe, har da New York da Illinois da New Jersey, babu ɗan takarar da ya iya ba kowace jiha fiye da 'yan sa'o'i. Iowa ta tsere zuwa 3 ga Janairu, New Hampshire zuwa 8 ga wata, aka yi yaƙin neman zaɓe cikin hutun Kirsimeti. Sannan abin da ba wanda ya shirya masa ya faru: Barack Obama da Hillary Clinton suka fito daga Babbar Talata kunnen doki. Jihohin da suka zauna inda suke su ne suka ci moriya. Pennsylvania, mai zaɓe 22 ga Afrilu, ta sami 'yan takarar biyu suna zarya a cikinta kusan mako shida, Indiana da North Carolina suka biyo a Mayu, aka ƙare a Montana da South Dakota ranar 3 ga Yuni. Darajar rana ba ta cikin ranar. Tana ga yadda takara ta kaya, abin da majalisar jiha ba ta iya sani shekara guda kafin lokaci.

Masu kare tsohon tsari ba su tsaya ga nuna gazawar masu matsowa ba. Suna da tasu hujja, wadda ta cancanci a saurare ta. A ƙaramar jiha ɗan takara yana iya zagaye gari-gari, ya zauna a gidajen cin abinci da falon mutane, a yi masa tambaya ido da ido, a ga yadda yake idan an ƙure shi. Wanda ba shi da suna ko kuɗi yana da hanyar fitowa. Jimmy Carter, tsohon gwamnan Georgia da 'yan ƙasa kaɗan suka sani, ya shafe watanni a Iowa, ya zo gaban duk 'yan takara a 1976 (ko da yake waɗanda ba su zaɓi kowa ba sun fi magoya bayansa yawa), daga nan ya kama hanyar fadar White House. A jiha irin Kalifoniya kuwa ba a isa ga mutane sai ta talabijin, talabijin kuma sai mai kuɗi. Idan manyan jihohi suka shiga gaba, tankaɗen ba zai tsaya ba, zai dai koma hannun masu ba da gudummawa tun kafin a jefa ƙuri'a ɗaya. Misalin 2020 ya nuna ƙananan jihohin suna da wani abin da kuɗi ba ya saye: Michael Bloomberg ya tsallake jihohi huɗu na farko, ya kashe fiye da dala miliyan 500 daga aljihunsa, a Babbar Talata bai ci ko'ina ba sai yankin Samoa na Amurka.

Wannan hujja tana tabbatar da abu ɗaya: yana da kyau a fara da ƙaramar jiha. Ba ta tabbatar da cewa lallai sai waɗannan biyun ba, har abada. Delaware ƙarama ce, haka Rhode Island da New Mexico. Abin da ya rage wa Iowa da New Hampshire shi ne su ce mu muka riga, kuma mun goge a aikin. Fiƙihun Musulunci ya san irin wannan da'awa, ya kuma ba ta matsayi: wanda ya riga zama a wani wuri na kowa da kowa, a masallaci ko a filin kasuwa, ya fi cancanta da shi muddin yana zaune. Amma malamai sun ɗauke shi haƙƙin amfani ne, ba mallaka ba, ba a gadonsa, kuma mai hukunci yana iya sa baki idan zaman ya zama cutarwa ga jama'a. Gogewar da ake faɗa ma tana da amsa, domin duk jihar da aka ba wannan dama shekara hamsin za ta goge. Ga kuma batun wakilci. Fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen jihohin biyu fararen fata ne, ba su da babban birni, alhali baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka ginshiƙi ne a jam'iyyar Dimokurat. Wannan ne ya sa jam'iyyar ta ƙara Nevada da South Carolina cikin jerin farko daga 2008. A 2020 Joe Biden ya zo na huɗu a Iowa, na biyar a New Hampshire, sai South Carolina ta ɗaga shi ranar 29 ga Fabrairu, bayan ɗan majalisa Jim Clyburn ya mara masa baya.

Tambaya ta biyu ta fi ta daidaito zurfi, ita ce ko zaɓe bi da bi yana kai jama'a ga hukunci mafi kyau. Ana iya kallonsa a matsayin koyo: na farko sun gwada 'yan takara, na baya sun amfana da abin da gwajin ya tona. Ana kuma iya kallonsa a matsayin bin yarima a sha kiɗa. Masanin lissafi na Faransa, Condorcet, ya nuna a 1785 cewa rinjayen jama'a masu yawa ya fi kusa da dacewa a kan ra'ayin mutum ɗaya, amma bisa sharaɗin kowa ya yi hukunci da kansa. Idan na biyu ya kwaikwayi na farko, na uku ya ga biyu sun haɗu ya ajiye nasa ra'ayin, to taron miliyoyi ya koma ra'ayin 'yan dubban da suka fara, da daidansu da kuskurensu. Wanda ya bi ba wawa ba ne. Yana da dalilin ƙin zubar da ƙuri'arsa ga wanda ba zai kai labari ba. Kowane mutum ya yi abin hankali, jimillar kuwa ta yi asarar ilimin da ke warwatse a zukatan na baya.

Al'ummomin da suka gabata sun gane wannan haɗari, kowace ta yi masa nata tanadi. A dokokin Yahudawa na Mishna, idan kotu tana shari'ar da hukuncinta kisa ne, ƙananan alƙalai ake fara ji kafin manya, don kada kwarjinin babba ya rufe bakin ƙarami. A Jamhuriyar Rum, wajen zaɓen manyan hakimai, rukuni ɗaya ne ke fara jefa ƙuri'a a kuma sanar da sakamakonsa, kuma Cicero ya shaida cewa wanda wannan rukuni ya zaɓa kusan kullum shi ke ci. Rumawa ba su soke al'adar ba, amma ba su bar ta a hannun rukuni ɗaya ba: a ranar zaɓe ake zaro wanda zai fara ta hanyar ƙuri'ar sa'a, ko da yake daga cikin ajin masu dukiya kaɗai. Amurka kanta ta taɓa warware matsalar a babban zaɓe. Kafin 1845 jihohi suna zaɓen shugaban ƙasa a ranaku daban-daban cikin tazarar kwana 34, sai majalisar tarayya ta tsayar da rana ɗaya, Talatar da ke bin Litinin ta farko a Nuwamba. Indiya tana zaɓe zango-zango na makonni, amma ba a buɗe akwati sai rana ɗaya bayan an gama. Nijeriya ma ta taɓa wannan gardama a 2018, lokacin da Majalisar Tarayya ta nemi a mayar da zaɓen shugaban ƙasa ƙarshe, da hujjar cewa idan aka fara da shi sauran zaɓuka suna bin inda ya karkata. Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙi sa hannu.

Idan haka ne, me zai hana a yi zaɓen fidda gwani rana ɗaya a duk ƙasa? Woodrow Wilson ya kawo shawarar tun 1913. Ta fuskar daidaito babu abin da ya fi ta tsabta. Amma zaɓen fidda gwani ya bambanta da babban zaɓe ta wata fuska. A babban zaɓe mutum biyu ne sanannu, kowa da tutar jam'iyyarsa. A nan kuwa mutum goma ne ko ashirin daga gida ɗaya, yawancinsu baƙi ne ga mai zaɓe. Idan aka jera su rana ɗaya, wanda aka fi sanin sunansa ne zai ci, watakila da kashi 25 cikin 100, ko da sauran kashi 75 ba sa ƙaunarsa. Zaɓe bi da bi yana yin aikin zagaye na biyu: masu ra'ayi iri ɗaya suna samun lokacin haɗuwa a bayan mutum guda.

Saboda haka babu jadawalin da ba ya cin wani. Mai zaɓe da wuri yana da 'yan takara da yawa a gabansa, saninsa da su kaɗan ne. Mai zaɓe a makare ya san su ciki da bai, amma zaɓinsa ya ƙuntata. Jihar da ta matso tana sayen faɗin zaɓi ne da kuɗin sani, kuma wani lokaci cinikin yana faɗuwa. A 2020 Kalifoniya ta yi zaɓe 3 ga Maris, amma takardun ƙuri'a sun isa gidajen mutane ta gidan waya tun farkon Fabrairu. Dubban mutane suka zaɓi Pete Buttigieg ko Amy Klobuchar suka aika, su biyun kuma suka janye kwana biyu da kwana ɗaya kafin ranar zaɓe. Matsowar tana da wasu kuɗaɗen na gefe: jihar da ta raba zaɓen shugaban ƙasa da na sauran kujeru sai ta biya zaɓe biyu, dalilin da ya mayar da Kalifoniya Yuni a 2012, wadda ta haɗa su kuwa ta tilasta wa mai neman ƙaramar kujera ya fara yawon neman ƙuri'a shekara guda kafin babban zaɓe, abin da ya fi yi wa mai ci daɗi.

Akwai kuma tambayar hukunci, wadda ita ce ta fi ɗaci. Jam'iyya tana da ikon ƙin karɓar wakilan da aka zaɓa ba bisa ƙa'idarta ba. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 1981 a shari'ar jam'iyyar Dimokurat da jihar Wisconsin. A 2008 Michigan ta sa zaɓenta 15 ga Janairu, Florida 29 ga wata, duka kafin ranar da aka halatta. A Michigan da gangan aka yi, don Sanata Carl Levin ya daɗe yana ƙalubalantar gatan New Hampshire. Rifablikan ta yanke musu rabin wakilai, Dimokurat ta soke duka. 'Yan takarar Dimokurat suka daina yaƙin neman zaɓe a jihohin biyu, Obama ya cire sunansa daga takardar Michigan. Duk da haka 'yan Dimokurat fiye da miliyan ɗaya da rabi suka fito a Florida, jihar da majalisarta da gwamnanta 'yan Rifablikan ne. 'Yan majalisa ne suka karya ƙa'ida, mai jefa ƙuri'a ne aka hukunta. Hukunta wanda bai yi laifi ba zalunci ne. Ƙyale laifin kuwa gayyata ce ga kowace jiha ta yi haka nan gaba. Ƙirga sakamakon bayan an ce ba za a ƙirga ba kuma cin amanar ɗan takarar da ya bi umarni ne. A 31 ga Mayu kwamitin dokokin jam'iyyar ya ba kowane wakili rabin ƙuri'a, da takara ta ƙare aka mayar musu da cikakkiya. Darasin da jihohi suka ɗauka shi ne hukuncin ba ya ɗorewa, Florida ta sake tsallake layi a 2012. Jam'iyyu sun gwada lallashi ma, Dimokurat tana ƙara wa jihar da ta haƙura zuwa Afrilu ko Mayu yawan wakilai, sai dai ƙarin wakilai a takarar da ta riga ta mutu ba ya jan kowa.

Inda haƙƙoƙi suka yi daidai, abin rabon kuma ba ya rabuwa, hanyoyi biyu ne hankali ya sani: karɓa-karɓa da ƙuri'ar sa'a. Malamin Malikiyya al-Ƙarafi, a littafinsa al-Furuƙ, ya ware babi kan inda ƙuri'a ta halatta da inda ba ta halatta ba. Taƙaicensa shi ne idan haƙƙi ko maslaha ta tabbata a ɓangare ɗaya ba a yin ƙuri'a, domin za ta tozarta wannan haƙƙi. Idan kuwa sun yi daidai, nan ne gurbinta, don kawar da ƙulli a zukata. Haka alƙali yake yi idan masu ƙara sun iso tare. John Rawls ya iso kusa da nan ta wata hanya a 1971: tsari mai adalci shi ne wanda mutane za su amince da shi tun ba su san matsayin da zai faɗo musu ba. Wakilan jihohi hamsin da ba su san wace jiha ce tasu ba da wuya su sa hannu a kan cewa biyu za su riƙa fara wa kowa har abada. Da wuya kuma su yarda da rububi. Mafi kusa shi ne su amince a fara da 'yan ƙananan jihohi, saboda maslahar da ta tabbata a hakan, sannan a riƙa juya waɗanda za su fara a tsakaninsu.

Shawarwari irin wannan suna nan a rubuce. Ƙungiyar sakatarorin jihohi ta ba da tsarin raba ƙasar shiyya huɗu, kowace shiyya da watanta, ana juya mai farawa duk zango, ko da yake ta bar wa Iowa da New Hampshire gurbinsu. Tsarin da ake kira na Delaware ya ce a fara da mafi ƙanƙantar jihohi a ƙare da manya, yadda yawancin wakilai za su rage har zagayen ƙarshe. Ya kai bakin babban taron Rifablikan na 2000 aka kashe shi a can. Abin da ke hana ruwa gudu shi ne babu hukuma ɗaya da jadawalin ke hannunta. Jam'iyya tana da ƙa'ida amma ba ta da akwati, jiha tana da akwati amma ba ta da kujerun babban taro, majalisar tarayya kuwa masana shari'a suna saɓani kan ko tana da hurumin shiga. Duk mai neman shugabanci kuma yana tsoron ɓata wa jihohin da zai fara roƙo a cikinsu.

Gwaji mafi girma na baya-bayan nan shi ne na 2024. Bayan rikicin ƙidayar Iowa a 2020, inda manhajar tattara sakamako ta gaza aka kwashe kwanaki ba a san wanda ya ci ba, jam'iyyar Dimokurat ta sauke Iowa, ta sa South Carolina a gaba ranar 3 ga Fabrairu, ta ce a matso da Michigan da Georgia. Hujjar wakilci ce aka bayar, amma shawarar daga Biden ta fito, jihar da aka ɗaga kuma ita ce ta ceto shi, don haka masu suka suka ce an sauya mai gata ne kawai. Georgia ba ta matso ba, domin sakataren jiharta ɗan Rifablikan ne, ya sa ranar a Maris. Rifablikan ta ci gaba da farawa da Iowa. New Hampshire ta bi dokarta ta yi zaɓe 23 ga Janairu, babu sunan Biden a takarda, magoya bayansa suka rubuta shi da hannu ya ci. Jam'iyyar ta ce zaɓen ba shi da tasiri, amma a ƙarshen Afrilu, bayan wani ɗan ƙaramin zaɓe da reshenta na jihar ya shirya, ta amince wakilan New Hampshire su zauna a babban taro da cikakkiyar ƙuri'arsu.